Kai Ni Tungar Dila

Kakata ta wajen uba abu ɗaya ta taɓa roƙona a duniya, shi ne in kai ta Tungar Dila. Ta roƙe ni ina ɗan shekara takwas, ta sake roƙona ina da gemu da babur, kuma duka biyun dariya na yi mata. Yau furfura ta fara fito mini, amma dariyar nan ba ta bar ni na huta ba.

A Anka muka tashi, a wani gida kusa da ragowar tsohuwar ganuwa, inda ƙasar ta zube ta zama tudun da awaki ke hawa. Ɗakin Kaka shi ne na ƙurya, bayan rumbu. Kowa a unguwa 'Yar Gummi yake ce mata, don an ce daga can aka zo da ita tana ƙarama, mu kuwa jikoki Kaka kawai muka sani. Ba ta da dangi a garin ko ɗaya. Ranar salla ɗakin kowace tsohuwa a unguwarmu yakan cika da 'yan'uwa da 'ya'yan 'yan'uwa, ita kuwa sai ta ɗaura zanenta na saƙi ta zauna bakin ƙofa, tana amsa gaisuwar baƙin wasu in sun gifta.

Babana ne ɗanta na fari, kuma shi kaɗai ya rayu. Ga shi tsohuwar ta riƙe kunyar ɗan fari gam. Ba ta kiran sunansa, ba ta hira da shi, in ya zo gaishe ta da safe sai ta kau da kai ta amsa a taƙaice. Inna kuma suruka ce, iyakarta ta durƙusa ta ajiye tuwo ta tashi. Don haka duk maganar da ta taru a cikin Kaka tun safe, mu yara take jira ta sauke wa.

Da an idar da magariba an ci tuwo, musamman lokacin sanyi, sai ta jawo bakin wuta daga murhun Inna ta haɗa tata a tsakar ɗaki. Mukan kai mu shida, ni da ƙannena da yaran maƙwabta, kowa da 'yar gyaɗarsa ko dankalin da zai tura cikin toka. Ta miƙe ƙafa, ta ɗauki mazari da auduga, ta shafa alli a yatsa. Ni take fara tsokana, da yake jika namiji mijin kaka ne a wajen wasa.

"Maigida, yau ma babu cehwane? Wanga miji nau dai sai ci."

"Ai na sake ki tun jiya," in ce mata.

"To, Allah shi ba ka wata. Wa za ta kwashe ka da wanga kai awa tulu?"

Sai mun gama dariya sannan ta ce, "Ku matso, wuta ta kama." Da haka take buɗe kowace hira. Tana da na kura da na kurege da na sarkin da ya haɗiye allura, tana yi tana kaɗi, in ta kai ƙarshe ta ce ƙurunƙus ta kore mu da ludayi. Amma in muka ce ta yi mana ta Tungar Dila, sai ta ajiye mazarin a gefe ta haɗa hannuwa a cinya. Mu a ganinmu garin dila ne, ɗan'uwan kura da kurege. Wa ya taɓa jin garin mutane da irin wannan suna?

Kullum da hanya take farawa, ba ta taɓa tsallake ta ba.

"In ka hito Bukkuyum, ka ba gari baya, ka bi hanyar gulbin Ka. Rahi biyu za ka ƙetare. Bayan na biyun ka duba hannunka na hagu, akwai dutsi mai gumi, rani da damina ruwa na tsattsahe mai. Daga nan in ka hangi kuka, to ka iso."

Mun hardace wannan kamar karatun allo, har mukan riga ta faɗa. Kukar nan, in ji ta, tana da ɗaki a cikinta, wani tsoho masaƙi yana zama ciki yana aikinsa, zarensa a miƙe har waje. Akwai rijiya da in ka leƙa ka yi sallama sai ta amsa maka. A tafkin bayan gari kuma akwai kada wanda mata ke wanki kusa da shi, bai taɓa kama ko akuya ba. Ka gaya mini, yaron da aka ba labarin rijiya mai amsa sallama, me zai ɗauka in ba tatsuniya ba?

A garin akwai wasu 'yan biyu, Hassana da Usaina. Tare suke zuwa rijiya, su yi ta mata sallama har a kore su. Wata shekara sai agana ta shigo garin. Ta fara da gidan maƙeri, ta bi gida gida, har aka daina kuka da ƙarfi don kowa na da nasa. Duk wanda ta kama sai a fitar da shi bayan gari. Uwar 'yan biyun ta rasu, ubansu ya bi ta, sannan ƙurajen suka feso wa Hassana. Da yake bukkokin da aka kafa sun cika, sai aka kwantar da ita cikin kukar masaƙi. Kullum da safe Usaina takan dama kunu ta kai, ta ajiye daga nesa kamar yadda aka ce mata, ta kira, Hassana ta rarrafo ta ɗauka.

A nan muryar Kaka takan yi ƙasa, sai mun matso sosai.

"Ran nan Usaina tac ce, 'Ga kunu nan na aje. Gobe ina kawo maki mai tsamiya.' Hassana tac ce, 'Ki zo da wuri, ban son zama ni ɗai.' Da asuba sai ga kawunsu, bahwatake na, shina da jakkai. Yaɗ ɗauki Usaina tana kwana yaɗ ɗora bisa jaki. Ba ta hwalka ba sai sun wuce dutsi mai gumi."

"Sai me, Kaka?"

"Shi ke nan."

"Ba ki ce ƙurunƙus ba."

"Wagga ba ta da shi."

Mun tsani wannan ƙarshe, amma ita muka fi roƙo. Wata rana na fusata, na ce Usaina maƙaryaciya ce, ta ce za ta koma ba ta koma ba. Na ce ni da ni ne, da sai in diro daga jakin in sheƙa da gudu. Kaka ta daɗe tana kallona ta saman wutar.

"Haka na, maigida. Kai da ka diro." Sannan ta ce, "In ka girma, ka kai ni Tungar Dila?"

Na ce zan kai ta mana, a bayan dila zan ɗora ta. Yara suka fashe da dariya, ni ma na ji na yi gwaninta.

Akwai wata Asabar da ba na mantawa. Da hantsi ne, tana ɓarar gyaɗa a inuwar rumbu, ni kuma ina sace wadda ta ɓare. Babu kowa kusa. Ba ta ce in matso ba, ba ta yi muryar hira ba, kawai sai ta ce, "Ka san kukar nan ta Tungar Dila, in ka tsaya ta gabas akwai wani reshe da ya sunkuyo, nan muka…" Na yi wuf na toshe kunnuwa. Duk yaron Anka ya san ba a tatsuniya da rana, wanda ya yi ko ya saurara ɓata zai yi.

"Kaka, rana ce fa. Ɓata za ki yi."

Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta. Can ta ce, "Ni ai na daɗe da ɓata." Na ruga na gaya wa Inna abin dariyar da Kaka ta faɗa, Inna ta ce in tafi in wanke ƙafata.

Na girma, na yi makarantar koyon aikin lafiya, na dawo Anka na kama aiki. Hirar wuta ta mutu da kanta, yara suka koma gidan kallo. In na shigo da yamma nakan hangi hasken wutarta ta ƙofar ɗaki, ita kaɗai a zaune, mazarin ma ta daina ɗauka don ido ya yi rauni. Nakan ce zan leƙa in na ci abinci, sai abokai su kira ni.

Ranar da na sayi babur na turo shi har tsakar gida, abokaina biyu na biye. Kaka ta fito da sandarta, ta zagaya shi, ta shafa kujerar.

"Wanga abu shina kai Bukkuyum?"

"Har Gummi yana kaiwa, Kaka, ya dawo bai gaji ba."

"To, maigida, ka girma. Kai ni Tungar Dila."

Tsakar rana ce, a gaban mutane, kuma ba ta yi murmushi ba. Ni kuwa, da nake jin kaina ma'aikacin lafiya, sai na ce to, amma sai mun biya mun ɗauki kura da kurege don kar su yi fushi. Abokaina suka yi dariya har da tafawa. Inna ta raɗa mini cewa tsufa ne, kwanan nan haka take. Daga baya na tambayi Baba a zaure ko ya san wani gari mai wannan suna. Ya ce shi bai san ta da wani gari ba bayan Gummi, inda kawunta ya rasu ya bar ta a hannun wata mata. Shi ba ya iya tambayarta, kunya ta hana. Ni da nake iya tambayarta komai, har in sake ta in mai da ta sau uku a rana, ban tambaya ba. Ba ta sake ɗaga maganar ba.

Daga nan sai ciwon nan na gubar dalma ya ɓarke a ƙauyukan masu haƙar zinariya. Muna Dareta yau, gobe Abare, jibi Bagega, muna gwada jinin yara, ana kankare ƙasar gidaje ana zuba sabuwa. Nakan yi kwana goma ban kwana gida ba. Cikin wannan hidima aka aiko mini Kaka ta rasu, na iso ana shirin salla. Liman ya tambayi Baba sunanta na yanka don addu'a. Baba ya sunkuyar da kai, ya ce a hankali, "Usaina."

Nan take na tuna 'yan biyun Tungar Dila. Watakila na taɓa jin cewa sunanta ke nan ina yaro, amma bai zauna mini ba. Duk da haka kafin mu dawo daga maƙabarta na riga na lallashi kaina. Na ce tsofaffi sukan sa sunansu cikin tatsuniya don ta yi armashi. Mutum in ba ya son sanin abu, dabara ba ta ƙare masa.

Bayan shekara biyu aka tura mu allurar rigakafi a ƙasar Bukkuyum. Abokiyar aikina Sista Rahila, wata Kirista 'yar Zuru, tana gaban mota tana karanta mana sunayen ƙauyukan da za mu bi. A tsakiyar jerin ta faɗi Tungar Dila ta wuce, kamar ba komai ba.

"Sista, me kika ce?"

"Ga shi a rubuce. Ka san wurin ne?"

Na ce wa direba ya ba gari baya ya bi hanyar gulbin Ka. Muka ƙetare rafi, muka ƙetare na biyu. Na ce ya tsaya. A hannun hagu ga wani baƙin dutse, cikin tsananin bazara, gefensa jiƙe sharkaf, har da ɗan gansakuka. Na sa tafin hannu a kai, sai na zauna nan ƙasa. Sista Rahila ta miƙo mini ruwa, na kuwa gode mata.

Kukar tana nan. Kogonta ya isa mutum ya zauna ya miƙe ƙafa, sai dai jemagu ne a ciki yanzu. Garin da ke kewaye da ita ya zama kufai, babu ko bango, sai tsingaro da ramukan masu neman zinariya. Rijiyar ta cike da ƙasa an jera mata itace a baki. Na durƙusa na yi sallama, ni da girmana, ba ta amsa ba. Mutanen da suka rage sun sake zama a ƙetaren rafi, don ba a sake gini inda annoba ta ci gari. Gidajen ba su da yawa.

Da muka gama allura na tambayi mai unguwa ko akwai wanda ya san labarin wasu 'yan biyu na zamanin agana. Ina nufin in ji ko an samu wanda ya binne yarinyar, in je in yi mata addu'ar da Kaka ba ta samu yi ba. Mai unguwa ya aika aka kira wani dattijo manomi, Malam Sule. Dattijon ya zo da fartanya a kafaɗa, ya tsaya yana duban fuskata har na tsargu.

"Kai jikan wa?"

"Jikan Usaina ne ni, daga Anka."

Ya ajiye fartanyar a hankali. "Anka," in ji shi. "Nan Anka." Ya sake faɗa, sannan ya ce, "Ni ɗan Hassana na."

Ashe ba ta mutu ba. Tsoho masaƙin nan ya taɓa yin agana tun yana yaro, ba ya tsoronta, shi ya ƙi gudu ya zauna yana dama wa yarinyar kunu har ta tashi. Ta rayu da zanzana a fuska da ido ɗaya, ta yi aure, ta haifi bakwai. Sunan garin ma ba na dabba ba ne, wani maharbi ne ya kafa shi, ana masa laƙabi da Dila saboda wayo. Malam Sule ya ce sau biyu ubansa yana zuwa Gummi cigiya, aka ce bafataken ya rasu, yarinyar kuma an tafi da ita ba a san inda aka nufa ba. Su da sunan Usaina suke nema, a Anka kuwa babu mai wannan suna, sai 'Yar Gummi.

Na tambaye shi yaushe ta rasu. Ya ce damina uku ke nan. Na lissafa a zuciyata, na sake lissafawa ko zan samu kuskure. Ranar da Kaka ta tsaya a tsakar gidanmu ta ce in kai ta, Hassana tana nan da ranta, tana zuwa rafi da ƙafarta. Tafiyar ba ta fi awa uku ba.

Ya shiga gida ya fito da wani tsohon adudu, ya buɗe a gabana. Zannuwa ne a ninke, wasu na saƙi, wasu atamfa, ba a taɓa ɗaura ko ɗaya ba.

"Ka san 'yan biyu ba a yi ma ɗaya a bar ɗaya," in ji shi. "Inna duk sadda anka yi mata zane, sai ta ce a yi biyu. In babu hali sai ta ƙi amsa, ta ce a bari sai an samu. Mun sha hwaɗa da ita kan wanga abu. Tac ce in 'yar'uwarta ta zo ta ishe ba a aje mata ba, mi za ta ce mata?"

Ya mai da murfin. Yana ɗaure igiyar, bai ɗago ba, ya ce, "Ita ba ta taɓa biɗarmu ba?"

Da na ce masa ta ɗauka kowa ya mutu, da ba ƙarya na yi ba, kuma da ya karɓa. Amma ba amsar tambayarsa ba ke nan.

"Ta biɗa, Baba. Ni ta ce in kawo ta."

Ya gama ɗaure igiyar. Sannan ya ce Allah shi jiƙansu su duka, ya miƙo mini adudun da hannu biyu.

Ina yaro na ɗauka darasin labarin shi ne kar ka yi alkawarin da ba za ka cika ba, kuma na san sarai wa ke da laifi. Yanzu nakan tuna cewa ita shekararta tara, kuma tana barci aka ɗauke ta. Ni kuwa idona biyu, na haura talatin, ba wanda ya ɗora ni kan komai. Ta ba ni hanya rafi da rafi har na hardace. Ta gwada faɗa mini da rana, lokacin da ake faɗin gaskiya, na toshe kunne. Ina ganin ta sa abin cikin hirar wuta ne don a nan kaɗai ake zama a saurare ta, kuma mu mun saurara, sai dai mun ji daɗinsa ne kawai. Wannan ke damuna fiye da komai, yadda muka yi ta roƙon ta sake mana, muna tauna gyaɗa.

Sau ɗaya na koma bayan wannan. Daga baya hanyar ta lalace da 'yan bindiga, mutanen tungar suka watse, wasu Gummi, wasu Bukkuyum, Malam Sule kuma ban san inda ya faɗa ba duk da cigiyar da na yi. Yarana sun san hanyar, na koya musu, kuma na gaya musu tun farko cewa gari ne na gaske, da sunan kowa. Suna ji, su ce to Baba, su koma kan wayarsu. Ba na jin haushinsu, ba ni da bakin ji.

Adudun yana saman akwatina. Zane goma sha ɗaya ne a ciki. Matata ta sha ce mini asu zai ci su a banza, a ba da su sadaka ladan ya kai wa tsofaffin, kuma na san gaskiyarta ce. Nakan ce mata ta bari tukuna. Ban san me nake jira ba.